KADA A SAKI RESHE A KAMA GANYE

A 'yan shekarun nan masu tallar magani sun matsa wa jama'a da wata ƙwaya mai suna nattokinase, wai tana wanke jijiyoyi, tana kuma tsare mutum daga ciwon zuciya. Lalle ya kamata a auna maganar nan kafin mai hawan jini ya zuba kuɗinsa.

Asalin abin daga ƙasar Japan ne. Mutanen can suna da wani abinci da suke kira natto, watau waken soya da aka ruɓar, kusan yadda matanmu ke yin daddawa da kalwa. A cikin 1987 wani masani, Hiroyuki Sumi, ya buga bayani cewa akwai sinadari a cikinsa mai narkar da zaren da jini ke daskarewa da shi. Wannan gaskiya ne. Amma fa abin da ya narkar da gudan jini a kwanon gwaji ba lalle ne ya yi haka a jikin ɗan Adam ba.

A jikin kwalba akan rubuta 2,000 FU. Lambar nan awon ƙarfin sinadarin ce a ɗakin gwaji, ba awon lafiyar da mutum zai samu ba. Wani gwaji na mako 8 a kan mutum 86 a Koriya ta Kudu, wanda aka buga a 2008, ya nuna hawan jini ya ɗan sauka. Sa'an nan Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta Amurka ta bi mutum 265 har kimanin shekara 3. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna kaurin bangon jijiyar wuya bai bambanta ba tsakanin masu shan ƙwayar da waɗanda aka ba ta bogi.

Har wa yau akwai haɗari. Wanda ke shan maganin tsinka jini, kamar asfirin ko warfarin, in ya haɗa da wannan ƙwaya yana iya gamuwa da zubar jini. Wanda kuwa ya ajiye maganin hawan jininsa dominta, ya buɗe wa shanyewar ɓarin jiki ƙofa da hannunsa.

Saboda haka muna kira ga hukuma ta sa ido a kan tallar da ta wuce abin da gwaji ya tabbatar. Ku kuma jama'a, ku riƙa auna jininku, ku rage gishiri, ku bar taba, kada ku ƙara wata ƙwaya sai da sanin likita. Allah ya ba mu lafiya, amin.