Iya Hawa Daban, Sanin Hanya Daban: Lasisin Babur a Arewacin Benin da Aikin da Ke Jiran Ɗaliban Hausa

Tsakanin Paraku da Jugu, a arewacin Jamhuriyar Benin, akwai tafiyar kilomita 130 da 'yan kai a kan kwalta. Manyan motocin kaya suna bin wannan hanya dare da rana, amma abin hawan da ya fi kowanne yawa a kanta shi ne babur. Da shi manomin Seru, wani gari da ke 'yan kilomita daga Jugu, yake kai doya kasuwa. Da shi ake garzayawa da mai naƙuda asibiti. Da shi kuma ɗimbin matasa suke neman abinci a sana'ar da mutanen ƙasar ke kira zemijan, wadda Kano ta sani da acaɓa, Nijar kuma da kabu-kabu. Kalmar zemijan daga harshen Fon ta fito, ma'anarta kuwa "ɗauke ni da sauri". Sunan sana'ar ma ya nuna inda gizo ke saƙar.

Ra'ayina a wannan rubutu gida biyu ne. Na farko, ya wajaba mahayin babur ya zauna jarrabawar lasisi da gaske. Na biyu, jarrabawar ba za ta amfane shi ba sai an koya masa dokokin hanya da harshen da yake tunani da shi. Wannan aiki na biyu kuwa namu ne, mu masu nazarin harshe.

Iya hawa da sanin hanya

Akasarin masu babur a yankinmu ba a makarantar koyon tuƙi suka koya ba. Yayan mutum ko abokinsa ne ke nuna masa totur da giya da birki a wani fili, kwana uku ya iya. Wannan koyo yana ba da ƙwarewar hannu da ƙafa, kuma ya wadatar a turbar gona, inda abokan tafiyarka su ne keke da awaki. Ranar da yaron ya hau kwalta, sai ya shiga wata duniya mai yarjejeniyar da ba a taɓa karanta masa ba. Direban tirelar da ke bayansa yana ɗauka ya san ta, shi kuwa bai ma san akwai ta ba.

Dokokin hanya yarjejeniya ce tsakanin mutanen da ba su san juna ba, kuma ba su da lokacin yin magana. Amfanin jarrabawa shi ne a tabbatar kowa ya ji sharuɗɗan kafin ya shiga. A Benin, hukumar sufurin ƙasa da ake kira ANaTT ce ke shirya jarrabawar lasisi, babur kuma yana cikin rukunin A, kamar yadda yake a Nijeriya. Jarrabawar kashi biyu ce: ta sanin doka da alamomi, da ta gwajin tuƙi. Matasa sun fi jin tsoron ta farko, alhali ita ce ke ɗauke da abin da ba su samu a fili ba.

Abin da mai shiri ya kamata ya riƙe

Alamomin hanya ba haddar hotuna ɗari ba ce. Tsari gare su, wanda ƙasashe da yawa suka daidaita a yarjejeniyar Biyana ta 1968, kuma siffa da launi ne ke magana kafin hoton da ke ciki. Allo mai kusurwa uku da jan baki gargaɗi ne: akwai kwana, ko makaranta, ko mashigar dabbobi a gaba. Da'ira mai jan baki hani ce. Da'ira shuɗiya umarni ce. Allo shuɗi mai kusurwa huɗu bayani ne kawai. Jan allo mai kusurwa takwas yana nufin a tsaya cak, ƙafa a ƙasa, ko da ba a ga kowa ba. Mai kusurwa uku da aka kifa kansa ƙasa yana cewa a bar na babbar hanya ya wuce. Ɗalibin nahawu zai gane wannan nan take: gargaɗi, hani, umarni da bayani, su ne dai nau'o'in jimlar da muke koyarwa a aji.

Sai dokar mararraba, wadda take kayar da mutane a jarrabawa da kuma a titi. A tsarin da Benin ta gada daga Faransa, idan hanyoyi suka haɗu babu alama babu danja, wanda ya fito ta damanka shi ne da hannu. A shataletalen da aka sa alamar ba da hanya kuwa, wanda ya riga ya shiga da'irar ne da hannu. Bahaushen da ya tsallako daga Nijeriya ya saba da wata al'ada, ta cewa wanda ya fi girma ko ya fi ƙarfin hali shi ke wucewa. Wannan al'ada a kan babur kasada ce da rai.

Na uku shi ne lissafin gudu. Mai tafiyar kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Kafin idonsa ya ga akuya, ƙwaƙwalwarsa ta yanke shawara, hannunsa ya kai ga birki, ya riga ya shafe wannan tazara. Idan kuma aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata kafin babur ya tsaya yakan ninku sau huɗu. Karo da bango a gudun kilomita 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, wato daga saman bene mai hawa uku. Wanda ya fahimci wannan lissafi ba sai an roƙe shi ya rage gudu a cikin gari ba.

Akwai wasu ƙa'idoji na yau da kullum da ya kamata su zama jiki. Mafi yawan ƙarfin tsayawa a birkin gaba yake, don haka a koyi haɗa shi da na baya a hankali, a daina dogara da ƙafa kaɗai. Kada a cire madubi don ado. Idan ba ka ganin fuskar direban babbar mota a madubinsa, to shi ma ba ya ganin ka. Kada a kutsa ta daman tirela tana shirin shan kwana, domin bayanta yakan matse gefen hanya. A lokacin hunturu, sa'ad da hazo ya rufe gari, a kunna fitila ko da rana tsaka.

Darasin hular kwano

Wanda ke shakkar cewa doka ba ta aiki sai an fahimce ta, ya dubi tarihin hular kwano. Benin ta wajabta ta tun 1972, amma dokar ta yi shekaru arba'in tana barci a takarda. A watan Agustan 2014 aka fara kama marasa hula a Kwatano da kewaye. Daga ranar 1 ga Maris, 2024, 'yan sanda suka tsananta kame a duk ƙasar, har da wanda aka goya. Tarar ta fara da sefa 10,000, daga baya aka rage ta zuwa 5,000 bayan koke-koken jama'a. Nijeriya ma ta gwada irin wannan a watan Janairun 2009, har aka ga masu babur suna kifa ƙwarya a ka don su wuce jami'an kiyaye haɗurra.

Ƙwaryar nan ta faɗi komai. Mai ita ya ɗauki hula a matsayin haraji ga hukuma, bai san kariya ce ga ƙwaƙwalwarsa ba. Haka nan wanda ke ɗora hula ba ya ɗaure igiyarta, ko yake rataye ta a hannun babur sai ya hango shinge. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa hular da aka sa daidai tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Rahotonta na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara, kuma gwargwadon yawan jama'a Afirka ce ta fi kowace nahiya asara. Tara tana iya ɗora hula a kan mutum. Ɗaure igiyar kuwa sai wanda ya gane dalili.

Inda harshe ya shigo

Faransanci ne harshen hukuma a Benin, da shi kuma aka rubuta littattafan dokar hanya. A kasuwar Jugu kuwa Dendi da Yom ake ji, a Paraku ga Batonu ga Dendi, a zanguna kuma ga Hausa. Ba na da'awar cewa Hausa ce ta fi rinjaye a can. Masu nazarin waɗancan harsuna suna da nasu nauyin. Amma Hausa tana da wata dama ta musamman: littafi guda da aka tsara da kyau zai yi aiki a zangon Paraku, da Gaya, da Maraɗi, da Kano.

Kuma ba daga babu za mu fara ba. Jugu tsohon zango ne a kan hanyar fataken goro daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja. Ayarin fatake yana da madugu mai shugabanci, da jagaba mai shigewa gaba, da uban dawaki, kowa da matsayinsa a tafiya. Al'ummar da ta tsara tafiyar ɗaruruwan mutane da jakai na tsawon watanni ba baƙuwar dokar hanya ba ce.

Dubi kalmar hannu. Mai fassara da ƙamus zai kawo "fifiko" a dokar mararraba, direba kuwa ba ya faɗin haka. Cewa yake yi "hannuna ne", "ya shigo hannuna", "ya saki hannunsa", "an ba mu hannu". Kalma guda ta ɗauki ɓangaren titi da kuma haƙƙin wucewa. Wannan dukiya ce, amma tana da tarko, domin mai koyarwa dole ya raba ma'anonin biyu kada ɗalibi ya ruɗe. Ga kuma bambancin aro: na Nijeriya ya ce babur da lasisi, na Benin da Nijar ya ce moto da farmi. Littafin kirki zai jera su kafaɗa da kafaɗa.

Sai yadda muke ba da labarin haɗari. Mukan ce "babur ya ƙwace", "birki ya ƙi", "taya ta fashe", "tsautsayi ya faɗa masa". A duk waɗannan jimloli an ɓoye mutum, an mai da ƙarfe mai aikatawa. Hausa ta raba tsautsayi da ganganci da sakaci, kuma ta san ba abu ɗaya ba ne. Wanda ya goya mutum uku da buhun masara, ba fitila, da daddare, ya faɗi, idan muka kira abin tsautsayi mun zalunci kalmar, mun kuma hana na baya ɗaukar darasi.

Uzurin da ake kawowa

Za a ce lasisi yana da tsada, makarantun tuƙi suna birni, wanda ke neman na abinci ba shi da makon da zai ajiye babur. Gaskiya ne, kuma wajibi ne hukuma ta sauƙaƙa kuɗin, ta kai jarrabawa kusa da garuruwa irin Seru, ta fifita koyarwa a kan kame. Sai dai a auna kuɗin lasisi da kuɗin jinyar karaya, da watannin zaman gida, da iyalin da aka bari ba mai ciyarwa. Za a kuma ce takarda ba ta tuƙi, da yawa masu lasisi sun fi kowa ganganci. Wannan hujja ce a kan lasisin da aka saya, kuma ita ce ma dalilin da ya sa nake cewa a zauna jarrabawar da gaske.

Kammalawa

Shawarata ga ɗalibai masu neman batun kundin kammala karatu ita ce su nufi tashar masu babur da littafin rubutu. A tattara kalmomin da suke amfani da su, a gwada su da dokokin da ke cikin littafin jarrabawa, a gano inda Hausa ta riga ta tanadi kalma da inda ake buƙatar ƙirƙira. Daga nan a fitar da ɗan littafi mai hotuna, da sauti da za a iya turawa ta WhatsApp ko a sa a gidan rediyo domin wanda bai iya karatu ba. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Kunne kuwa ba ya jin abin da aka faɗa da harshen da bai sani ba.