Sha'anin Abin Hawa: Wane Famfo Ya Dace Da Tayar Keke Maras Tiyub?

Duk wanda ya tashi da hawan Raleigh ko Phoenix bai san wata gardama a kan famfo ba. Siririn nan ne guda ɗaya da akan maƙala a jikin ƙarfen keke. Idan taya ta sace a zaro shi, a ɗaura 'yar mesarsa a bakin bawul, a yi ta bugu har babban yatsa ya shaida ta yi tauri. To, amma yanzu daga cikin kekunan hawan duwatsu da na tsere da ke shigowa ƙasar nan, sababbi da na gwanjo, akwai waɗanda tayarsu ba ta da tiyub ko kaɗan. Mutum ya saya cikin murna, ran da ya kwance tayar don sauyi ya mayar da ita, sai ya kama bugu har gumi ya jiƙa masa riga, taya kuwa tana nan kwance ko motsi ba ta yi ba. Daga nan sai ya ɗora wa famfo laifi, ya je ya sayo wani irinsa, kuɗi su tafi a banza.

Dalilin wannan ba wani boyayye ba ne. Tiyub jaka ce rufaffiya, kome ƙanƙantar iskar da aka tura mata tana nan ciki har a ƙara wata. A taya maras tiyub kuwa, ita tayar da rim su ne jakar, ba kuma za su riƙe iska ba sai leɓunan tayar biyu sun hau kafaɗun rim sun manne gam. Kafin su hau, akwai kafa a zagayen ƙafar keken baki ɗaya, saboda haka iskar da ƙaramin famfo ke turawa a hankali tana fita kamar ruwa a rariya. Abin da ake bukata a wannan lokaci shi ne iska mai yawa ta faɗa ciki gaba ɗaya, ta fi ƙarfin wadda ke tserewa, ta ture leɓunan waje har a ji sun yi ƙara tas! tas! Wannan ƙara ita ce shaidar taya ta zauna.

Motoci sun daɗe da wannan tsari, domin tun a 1955 galibin sababbin motocin Amurka ba su da tiyub. Keke bai samu ba sosai sai a 1999, sa'ad da kamfanin Mavic na Faransa, tare da Michelin da Hutchinson, ya fito da rim da taya na musamman don kekunan duwatsu. Na tsere suka biyo baya a 2006. Babban amfaninsa shi ne wani ruwan roba mai kama da madara da akan zuba cikin tayar, wanda da zarar ƙaya ta huda sai ya bi iska zuwa bakin hujin ya daskare ya toshe shi. Wanda ya san ɓarnar tsaidau da ƙayar bagaruwa a hanyoyin karkara ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Abin da mai saye ya kamata ya fara ganewa shi ne ayyuka biyu ne daban ake nema wurin famfo. Na farko zaunar da taya, wanda ba ya wuce sau ɗaya ko biyu a shekara ga yawancin mutane. Na biyu ƙarin iska na yau da kullum, domin taya maras tiyub takan ɗan rage iska cikin kwanaki kaɗan ko da lafiyarta lau. Aikin farko yana son yawa da gaggawa, na biyu yana son awo daidai. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba dukan kuɗi a kan aikin da ba ya zuwa sai jefi-jefi, a bar wanda ake yi kowane mako ga babban yatsa.

Saboda haka farkon abin saye shi ne famfon tsaye, wanda ake takawa da ƙafa a danna da hannu biyu, mai geji a jikinsa. Shi ma iri biyu ne. Mai kaurin gangar jiki yana tura iska mai yawa a kowane bugu, amma yakan yi nauyi idan awo ya yi sama, shi ne na kekunan duwatsu masu faffaɗar taya, kuma sau da yawa shi kaɗai yakan zaunar da tayar in rim da taya sun dace da juna. Siriri yana tura kaɗan amma yana kai awo mai nisa ba wahala, shi ne na keken tsere. Sa'an nan a dubi fuskar gejin da kyau. Tayar keken duwatsu maras tiyub takan yi aiki ne tsakanin awo 20 da 30, a ma'aunin nan da ake rubuta psi a gefen taya, bambancin awo 3 kuwa mahayi yakan ji shi a jikinsa. Gejin da aka tsara shi daga sifiri zuwa 160 ko fiye ba zai nuna bambancin 22 da 25 ba, allurarsa ko tashi sosai ba ta yi ba. Mai irin wannan keke ya nemi gejin da ya tsaya wajen 60, ko kuwa ya sayi ɗan ƙaramin geji na hannu mai nuna lambobi. Mai keken tsere kuma ya lura, akwai rim na zamani wanda bakinsa ba shi da ƙugiyar riƙe taya, irin wannan ƙa'idarsa kada a wuce 72.5, watau ba 5. Tsohuwar al'adar cika taya har 100 ba ta da wuri a nan.

Sai maganar bawul, wadda ta mayar da masu saye da yawa kasuwa. Iri uku ne a kan hanya: na Dunlop da ke kan tsofaffin kekuna, da na Schrader mai kauri irin na mota da babur, da siririn nan na Faransa da ake kira Presta mai ɗan noti a kansa. Kusan duk tayar keke maras tiyub Presta take ɗauke da shi. Kada a biya kuɗin famfo sai an tabbata kansa yana kama Presta. In da hali a zaɓi kan da ake dannawa a kulle da ɗan hannu, domin wanda ake murɗawa wani lokaci yakan kwance ƙwayar bawul in an zo cire shi, iskar da aka sha wahalar bugawa ta fice cikin ƙiftawar ido.

Idan an zo zaunar da taya, akwai dabaru da ba su cin ko kwabo waɗanda ya kamata a gwada tukuna. A kwance ƙwayar cikin bawul a ajiye, domin ita ce ƙofa mafi ƙunci a hanyar iska. A shafa ruwan sabulu a leɓunan tayar don su zame da sauƙi. Sabuwar tayar da ta daɗe a naɗe a sa mata tiyub a hura, a bar ta ta kwana, gobe a buɗe gefe guda kawai a zare tiyub ɗin, sai ya zama rabin aikin ya riga ya ƙare. In duk an yi wannan ta ƙi, to, lokacin neman iska mai ƙarfi ya yi.

Masu ƙera kaya sun yi wa wannan tanadi. Akwai 'yar tukunyar ƙarfe, kamar ta Airshot mai cin lita 1.15, wadda ake cikawa da famfon tsaye har awo 160, a haɗa ta da bawul, a murɗa makunni, iskar ta afka ciki gaba ɗaya. Akwai kuma famfon da aka haɗa shi da tukunyar a jiki guda, kamar JoeBlow Booster na Topeak da Flash Charger na Bontrager. Suna aiki, ba sa kuma bukatar wutar lantarki, sai dai tsada. Ga mai keke ɗaya, tukunya ta dabam ta fi, tun da ba ta sa shi jefar da famfonsa mai kyau. Mai gyaran kekuna ko ƙungiyar 'yan tsere su ne haɗaɗɗen zai biya. Abin da ba a so ko kusa shi ne kwaikwayon tukunyar da robar lemo, wadda in ta fashe a hannu asarar ta wuce kuɗin taya.

A ƙasar nan ma akwai wani sauƙi da mahayin Turai bai cika samu ba, watau injin mai faci da ke bakin kusan kowane titi. Sayen injin iska don keke ɗaya kashe ƙuda da taɓarya ne, alhali ga na haya a kusa. Amma fa a je da shiri. Mesar mai faci ta bawul ɗin mota ce, sai mai keke ya riƙe ɗan ƙarfen nan da ake murɗawa a kan Presta ya mai da shi kamar na mota. Ya kuma tsaya a kan aikin da kansa, domin tukunyar injin takan tara iska fiye da awo 100, tayar keke kuwa ba ta ɗaukar ko kusa da abin da ta mota ke ɗauka, cikin daƙiƙa kaɗan ta cika. A riƙa ba ta kaɗan-kaɗan, da an ji ƙarar zama a tsaya, kada a wuce lambar da ke rubuce a gefen taya ko ta rim, wadda duk ta fi ƙanƙanta. Tayar da ta tsallake rim da ƙarfi tana iya toshe kunne, ta kuma lalace har abada. In an koma gida a daidaita awo da gejin gida.

Na kan hanya kuwa, akwai 'yan kwalaben ƙarfe na iskar gas ta CO2, masu giram 16 ko 25, da ke cika taya nan take, har ma sukan zaunar da wadda ta sauka. Amfaninsu sau ɗaya ne, sanyin da suke fitarwa yana iya daskarar da ruwan roba ya dunƙule, gas ɗin kuma yana sulalewa ta jikin roba da sauri fiye da iska, don haka in an isa gida a sace shi a buga sabuwa. Ƙananan famfunan batir da suka yawaita kwanan nan suna da kyau wajen ƙari da awo, amma numfashinsu bai cika isa zaunar da taya ba. Mai tafiya mai nisa, musamman a zafin Maris da Afrilu da ke busar da ruwan roba cikin 'yan watanni, ya riƙe ƙaramin famfon hannu mai mesa da tiyub guda a jaka. In huji ya fi ƙarfin ruwan, sai ya kwance bawul, ya shafa cikin tayar da kyau ya cire tsofaffin ƙayoyin da suka maƙale, ya sa tiyub ya ci gaba da tafiya.