Wa Ya Rufe Bakin Gaskiya?

Akwai wata magana da ta hana ni sakat a wannan makon, kuma ba sabuwa ba ce. Duk lokacin da aka tayar da zancen jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, a taron marubuta ne ko a gidan rediyo, sai wani ya gyara zama ya ce ai zamani ne ya wuce da ita, waya ta zo, intanet ta zo, wa zai tsaya karanta jarida. Sai kowa ya gyaɗa kai, a yi mata addu'a kamar tsohuwar da ta cika a ɗakinta bayan ta ga jikoki da tattaɓa-kunne, a watse. Ni ban yarda da wannan ta'aziyya ba. Gaskiya ba don kanta ta yi shiru ba. Rufe mata baki aka yi, kuma waɗanda suka rufe shi suna da suna, suna da ofis, suna da kasafin kuɗi da suke sa wa hannu kowace shekara.

Mutumin Tudun Wadan Zariya ba ya bukatar a nuna masa inda Gaskiya take, don sunan ya bi hanya, ya bi unguwa, har yaron da bai taɓa riƙe jaridar ba ya san ya ce wa mai Keke Napep a sauke shi a Gaskiya. Abin da yaron bai sani ba shi ne abin da ya fito daga wurin. Ofishin fassara da Turawa suka kawo Zariya a farkon shekarun 1930, wanda ya koma Hukumar Talifi a ƙarƙashin Rupert East, shi ne ya sa gasar 1933 da ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Daga nan Magana Jari Ce ta biyo baya. A watan Janairun 1939 jaridar ta fara fita, Imam na editanta, ana sayar da ita kwabo. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a nan Tudun Wada, da injunan ɗab'insa da ma'aikatansa, kuma a 1948 ya ƙara da jaridar Turanci, Nigerian Citizen, wadda daga baya ta zama tushen New Nigerian da ta fara fita a Kaduna ranar 1 ga Janairun 1966. A tsakiyar shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta riƙa buga wa larduna nasu ƙananan jaridun: Zaruma ta Sakkwato, Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano, Bazazzaga ta Zazzau. A duba wannan da kyau. A lokacin da masu iya karatun boko a Arewa ba su taka kara sun karya ba, babu kwalta zuwa yawancin garuruwa, babu lantarki, an iya buga jarida a Zariya a kai ta ƙauyen da ke bayan Gusau. Yau da kowace jiha ke da jami'a, wasu biyu wasu uku, sai a ce mana babu masu karatu?

To, masu karatu suna nan, kuma shaidar ba ta da wuyar samu. Jaridar Aminiya ta kamfanin Media Trust tana fita tun 2006. Leadership na da ta Hausa. Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki a 1957, ya ga dacewar buɗe gasar Hikayata ta mata a 2016, kuma labarai ba su taɓa yanke masa ba. Tun kafin wannan, daga shekarun 1980, marubutan Kano irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino sun buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, 'yan kasuwa suka baza su daga Sabon Gari har Maraɗi da Damagaram, ba tare da sisin gwamnati ba. Yanzu kuwa matan aure da 'yan mata suna biyan kuɗi a WhatsApp don a turo musu ci-gaban labari. Al'ummar da ke biya don ta karanta Hausa a waya ba ita ce ta gaji da karatu ba. Gaskiya ne takarda ta yi tsada kuma jaridu a duniya duka suna jin jiki, amma masu rai sun koma intanet da sunansu da ma'aikatansu, ba su kulle ƙofa ba.

Abin da ya faru da Gaskiya labarin mallaka ne. Tun da aka haɗa ta da New Nigerian ta zama ƙanwar da ake tunawa da ita bayan an gama da babba. A 1975 gwamnatin soja ta tarayya ta karɓe kamfanin, daga baya aka maido shi hannun gwamnonin jihohin Arewa goma sha tara, kuma a hannunsu ne numfashin ya ɗauke. Kowa ya san yadda kayan tarayya ke ƙarewa a wurinmu: kowane gwamna yana da gidan rediyonsa da talbijin ɗinsa da ke kiran sunansa safe da yamma, don haka babu mai ganin dalilin zuba kuɗi a jaridar da ba tasa shi kaɗai ba. Albashi ya tsaya, injuna suka tsufa ba a canja ba, ƙwararrun ma'aikata suka kama gabansu, waɗanda suka rage suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu har wasu suka riga mu gidan gaskiya ba su karɓa ba. Wannan ba aikin zamani ba ne. Shawara ce da aka yanke, ko aka ƙi yankewa, a tarurrukan da ake fitowa ana karanta sanarwar bayan taro da Turanci, ana ambaton gadon Sardauna. Ina jin ciwon wannan ambato ƙwarai. Mutumin da ake rantsuwa da sunansa ya gina, su kuwa ko share abin da ya gina sun kasa.

Za a ce mini, kuma an sha faɗa, Gaskiya ai bakin gwamnati ce tun asali, Turawa suka kafa ta don su isar da saƙonsu a lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ke ƙaratowa. Haka ne, amma a shafukanta ne talaka ya fara rubuto wasiƙa yana ƙorafi a kan hukumar En'e, kuma editanta na cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940.

Asarar da ta fi damuna ma ba ta labarai ba ce, don labari yanzu ko ba ka nema ba zai same ka. Asarar harshe ce, kuma masu bin wannan fili sun san ba yau na fara kuka a kanta ba. Gaskiya ba wurin buga takarda kaɗai ba ce, makaranta ce. A can ne mutane irin su Imam da Nuhu Bamalli suka zauna da rubutun Turanci a gabansu, suka ƙi kwafe shi kalma bayan kalma, suka tsaya sai sun gano yadda Bahaushe zai faɗi abin da bakinsa. A wancan zamani ne haruffa masu lanƙwasa suka zauna da gindinsu a boko, aka bambance ƙ da k, ɗ da d, ɓ da b, sannan Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta ɗora a kan aikin. Akwai babba a sama da kai wanda zai maido maka da rubutunka ya ce wannan ba Hausa ba ce, sake. Yau wa ke maido wa wani? Saurayi zai ɗauko labarin Turanci, ya zuba shi a manhajar fassara, ya manna a Facebook, mutum dubu su karanta, gobe su ma su rubuta haka. Shi ya sa kake jin ana cewa wai a ƙarshen rana, ana nufin daga ƙarshe, kake ganin an rubuta kasa ba ka san ƙasa ake nufi ko gazawa ba. Ba na zargin yaran. Ba su tarar da gidan da za a horar da su ba, kuma wanda bai ga an yi ba ba zai iya ba. Kamfanin buga littattafai na NNPC da aka kafa a Zariya a 1966 ya nuna ana iyawa, don gasarsa ce ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina a 1980. Sai dai sake buga tsofaffin littattafai don 'yan jarrabawa, komai amfaninsa, bai kai a kira shi raya harshe ba.

Ba ina roƙon a dawo da 1939 ba ne, ko a sayo injin da zai ci kuɗi ya kwanta. Abin da ake bukata bai kai kuɗin ayarin motocin gwamna ɗaya ba. Da farko a biya tsofaffin ma'aikata abin da ya rage nasu, su da magadansu, don babu albarka a ginin da aka ɗora kan haƙƙin mutane. Sannan a tattaro duk fitowar jaridar tun daga ta farko, na Gidan Arewa da ke Kaduna, da na ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello, da na hannun iyalan da suka adana, a ɗauki hotonsu shafi-shafi a sa a intanet kyauta, kafin gara da damina su gama da abin da sakaci ya bari. Takardar jarida ba ta jiran a kafa kwamiti. Kuma a mai da harabar Tudun Wada wurin koyar da fassara da gyaran rubutu, a haɗa ta da sashen harsunan Afirka na jami'ar, a buɗe ƙofa ga masu rubutu a waya da ma'aikatan gidajen rediyo, a ba su shaidar kammalawa da za ta yi musu amfani wurin neman aiki. Gwamnatin Jihar Kaduna ce ya kamata ta fara motsawa tunda a ƙasarta abin yake, Masarautar Zazzau kuma ta sa baki, 'yan majalisar da Zariya ta tura Kaduna da Abuja su kawo batun a zaurensu a wannan zangon, a ji wanda zai tashi ya ce bai yarda ba.