Daga Ƙofar Wambai Zuwa Allon Waya: Wa Ya Tsira?

Duk wanda ya leƙa manyan falukan Nasarawa GRA a Kano, irin waɗanda daraktoci ke ara in za su ɗauki gidan Alhaji, da wuya ya tarar da na'urar bidiyo ko ta CD tana aiki. Ba wai 'yan gidan sun daina kallon fim ɗin Hausa ba ne. A'a, daga Hajiya har mai gadi kowa ya duƙufa ne a kan wayarsa. To, wannan ɗan sauyin shi ya cinye jarin mutane da dama a industiri, shi kuma ya ɗaga wasu.

Tun daga Turmin Danya a 1990 har zuwa zamanin Sangaya, wuƙa da nama a hannun 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata suke. Furodusa ya gama fim, ya buga kwalaye, dillali ya saya, ya gurza kaset ɗin da kansa. Da CD ya shigo aka rungume shi, amma kwafarsa ta fi ta kaset sauƙi, ɓarayin zaune suka samu abin yi. Ana cikin haka sai ga fassarar finafinan Indiya ta su Algaita, sai kuma masu tura fim a waya a bakin titi da 'yan canji kaɗan. Kasuwa ta faɗi warwas, shaguna suka koma sayar da wasu kayan.

Wasu suka zauna suna tsine wa zamani, wasu kuma suka tashi neman inda mai kallo ya koma. A 2015 Filmhouse ta buɗe silima a Ado Bayero Mall, manyan furodusoshi suka riƙa kai sabon fim can ya fara tara kuɗin tikiti kafin ɓarawo ya taɓa shi. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta nuna da Daɗin Kowa cewa Bahaushe zai iya jiran labari mako-mako. A 2020 Lawan Ahmad ya saki Izzar So a YouTube, Malam Aminu Saira kuma ya fito da Labarina. Dabarar mai sauƙi ce: a ba ka fim kyauta, kuɗin ya fito daga yawan masu kallo da tallace-tallacen da ake sakawa a ciki. Abin da ake bayarwa kyauta kuwa, me ɓarawo zai sayar?

Sai dai fa wani hanzari ba gudu ba. Yanzu kowa ya koma fim mai dogon zango, wasu na jan labarin da bai wuce awa biyu ba har tsawon shekara, ga talla ta fi fim ɗin yawa. Irin wannan kwaikwayon ne ya cika kasuwar kaset da finafinai masu kama da juna. Kaset ya wuce, CD ya bi shi, YouTube ma wata rana sai labari. Wanda ya iya ba da labari mai ma'ana shi ne zai tsallake.

Su kuma matasa masu kallo, in suna ƙaunar gwanayensu, su kalli fim a tashar mai shi maimakon wurin mai turawa. Wannan kallon shi ne ke biyan kuɗin lokeshin na gaba. Allah Ya sa a gane.