Tabon Tiyata Ba Ya Jin Mai

Tallar man goge tabo ta cika wayoyin matanmu. Yarinya ta ɗaga kwalba a TikTok, ta rantse cewa cikin mako biyu tabon tiyatar haihuwa zai ɓace. Ana wucewa sai ga wata daga Legas ko Istanbul tana kiran a zo a ɗame tumbi. Matan Daura da Mai'aduwa da Zango suna kallo, wasu har sun fara tura kuɗi.

Fatar da wuƙa ta ratsa ba ta komawa yadda take. Tabo yakan ɗauki wata 12 zuwa 18 kafin ya kwanta. A watannin farko zai yi duhu, ya yi tauri, ya yi ƙaiƙayi, kuma duk wannan cikin warkewa ne. Mai sayar da man ta san haka. Ke ki shafa, lokaci ya yi aikinsa, ita ta kwashe yabo da kuɗi. Abin tsoron shi ne irin wanda aka haɗa da sinadaran bilicin, domin yana sa fata ta yi siriri, ciwo ya ƙi haɗewa. Ba banza hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023 ba.

Inda tabo zai zauna kuwa tun a ɗakin tiyata ake yanke shi. Yankan kwance a ƙasan mara, wanda likitan Jamus Pfannenstiel ya bayyana a 1900, yana ɓoyuwa ƙarƙashin ɗaurin zani. Na tsaye, daga cibiya zuwa ƙasa, ya fi fitowa fili, amma wani lokacin shi ne mafita idan rai na kan siratsi. Wadda ta je awo da wuri tana da sararin tambayar likita. Wadda aka kwaso daga ƙauye bayan kwana biyu tana naƙuda ba ta da wannan gatan.

Masu tallar ɗame tumbi ba sa nuna cewa aikin yakan bar tabo daga wannan ƙugu zuwa wancan, ga wani zagaye da cibiya. Mu baƙar fata mun fi saurin yin tabon nan mai tsirowa da likitoci ke kira kiloid. Ko an ajiye maganar kyau a gefe, uwargidan shugaban ƙasa na wancan lokacin, Stella Obasanjo, a irin wannan tiyatar kwalliya ta rasu a Sifen cikin 2005, ba kuma don rashin kuɗi ba.

Sai batun jego. Iyayenmu mata, Allah ya saka muku, amma tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya ba na cikin da aka ɗinka ba ne. A bar ciwon a bushe, kada mai jego ta ɗauki jarkar ruwa ko taɓarya har mako shida. In ya fara ruwa, ko wari, ko zazzaɓi ya zo, a nufi asibiti a ranar. In tabon ya tsiro, akwai allura da filastar silikon, likita ne zai rubuta.

Kai kuma maigida, ta wannan layin ɗanka ya fito. Ka daina yi wa matarka gori a kai, ka kai ta asibiti ranar da aka ce ta koma.