Tsakanin Boston da Satiru

 

Kwanakin baya muna zaune da wasu ɗaliban sakandare a Jega bayan sallar La'asar, sai hira ta kai mu ga yadda Amurkawa suka kuɓuta daga hannun Ingila. Yaran nan sun ba mu mamaki ƙwarai. Sun san cewa rigimar daga haraji ta taso, wanda majalisar Landan ta ɗora wa mutanen da ba su da wakili ko ɗaya a cikinta. Sun san daren da mutanen Boston suka zubar da akwatunan ganyen shayi cikin teku a 1773, sun kuma san 4 ga Yuli 1776, ranar da yankuna 13 suka shelanta yanke biyayya ga Sarkin Ingila. Da muka tambaye su labarin Satiru kuwa, sai wuri ya yi tsit.

To, Satiru ƙauye ne da ke kudu da Sakkwato, mazaunin malamai da talakawa da bayin da suka tsere wa iyayen gijinsu. Shekara uku bayan Turawa sun ci Sakkwato a Giginya, kuma Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada a Burmi cikin 1903, mutanen wannan ƙauye suka ƙi mulkin Nasara da harajinsa. Ranar 14 ga Fabrairu 1906 aka tura musu sojoji, suka tarbe su da fartanya da gatari da kwari da baka, suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da ashirin, har suka ƙwace babbar bindiga mai ruwan harsashi. Ranar 10 ga Maris aka komo da runduna mai ƙarfi, aka hallaka mutane wajen dubu biyu, aka rushe garin, aka hana kowa ya sake gina shi.

Mu mutanen Jega da Aliero da Maiyama ba mu da ikon cewa abin bai shafe mu ba, domin ƙasar Gwandu muke, kuma a kan wannan lamari ne Turawa suka tuɓe Sarkin Gwandu Muhammadu Bashiru, bisa zargin cewa zuciyarsa na tare da mutanen Satiru, suka naɗa Haliru Abdu a madadinsa. Gadon sarautar gidan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ke nan Bature ya ɗaga ya ajiye yadda ya ga dama.

Ba mu goyon bayan da'awar Mahadi da shugabannin Satiru suka yi, wannan a fili yake. Amma kuskuren aƙidarsu ba ya halatta a shafe su daga tarihi, kuma ba shi ne dalilin da ya sa aka murƙushe su ba. Wanda ya fuskanci bindiga da fartanya ba a yi masa gorin jarunta. Abin da Amurkawa suka samu mu muka rasa shi ne haɗin kai da shiri. Yankunansu 13 suna da saɓani mai yawa a tsakaninsu, amma suka kafa majalisa guda, suka danƙa rundunarsu ga mutum guda, Joji Washinton, suka jawo Faransa ta shigar musu a 1778, suka jure har Ingila ta sa hannu kan sulhu a 1783. Mu kuwa Bature ya tarar da bango a tsage. Gaba tsakanin Argungu da Gwandu ta daɗe, har ta sa ya sami masauki a Argungu tun kafin ya tunkari Sakkwato. Abin da ya fi ciwo shi ne, ranar da aka afka wa Satiru, akwai dawakin Musulmi a gefen rundunar Turawa.

Kada kuma a ɗauka muna ɗaukaka Amurkawa ne. Tomas Jafasan da ya rubuta takardar 'yancinsu yana riƙe da bayi ɗaruruwa, kuma cikin bayin ƙasar akwai Musulmi da aka kwaso daga Afirka ta Yamma. Wannan ma ya kamata yaranmu su sani.

Laifin wannan rashin sani ba na yaran ba ne. Mun gina makarantun Islamiyya unguwa-unguwa, alhamdu lillahi, amma sau nawa malami ya tsaya ya ba da labarin Giginya ko Burmi ko Satiru? Ga Gimbana nan kusa da Jega, garin Malam Abdussalami, wanda harin da Gobirawa suka kai masa yana cikin abubuwan da suka kai Shehu ga yin hijira zuwa Gudu a 1804, amma yaro sai ya wuce ta wajen bai san inda ya taka ba.

Saboda haka muna kira ga kwamitocin makarantunmu na waɗannan ƙananan hukumomi uku da su ware darasi ɗaya a mako domin tarihin ƙasar Gwandu. Muna kuma roƙon 'yan'uwa ɗaliban jami'ar da ke Aliero su yi amfani da hutunsu, su bi tsofaffin da suka ji labarin zuwan Nasara daga bakin kakanninsu, su ɗauki muryarsu a waya, su rubuta, su aiko mana mu buga a wannan shafi.