Lambun Singafo da Fayil ɗin da ke Kan Teburi a Abuja

Duk ma'aikacin tarayya da aiki ya taɓa kai shi Singafo, taro ne ko kwas ko rakiyar minista, ya san titin Orchard. Can ake nufa idan an tashi daga zama, a ƙarar da kuɗin guzuri a kantunan waya da turare. Kaɗan ne suka san cewa tafiyar 'yan mintoci daga ƙarshen titin akwai Lambun Tsirrai na Singafo, wanda ya fi kantunan nan cancantar awa biyu daga lokacin jami'in gwamnati. Ana buɗe shi daga ƙarfe 5 na asuba zuwa 12 na dare, kuma shiga kyauta ce, in ban da sashen furannin okid.

An kafa lambun a shekarar 1859, kuma a yau faɗinsa ya kai hekta 82, a ƙasar da ƙarancin fili ya sa take cike teku da yashi domin samun wurin gini. A cikinsa akwai ragowar kurmi na asali mai kimanin hekta 6, wanda ya girmi birnin kansa, da wata tsohuwar bishiyar tembusu da hotonta ke kan takardar dala 5 ta ƙasar. A 2015 hukumar UNESCO ta sanya lambun cikin wuraren tarihi na duniya.

Babban abin lura ga jami'i shi ne tarihin roba. A 1876 wani Bature, Henry Wickham, ya kwaso irin itacen roba kusan 70,000 daga Brazil zuwa lambun Kew na Landan. A 1877 aka aiko da dashe 22 zuwa Singafo. Henry Ridley, wanda ya zama shugaban lambun a 1888, ya shafe shekaru yana gwajin yadda za a tsaga ɓawon itacen a tatsi danƙo ba tare da an kashe shi ba. Yana ta bin masu manyan gonaki da iri yana roƙon su shuka, su kuwa suna kiran sa mahaukaci. Da masana'antar mota ta buɗe baki tana neman taya, sai yankin Malaya ya zama kan gaba a duniya wajen samar da roba. Tsakanin zuwan dashen da wannan arziki an yi kusan shekara 40. Mahaƙurci mawadaci.

Labarin yana da ɗacinsa. Domin amfanin daular Ingila aka yi aikin, Brazil ta rasa kasuwarta, kuma leburorin da aka kwaso daga Indiya ne suka sha wahalar gonakin. Amma bayan samun 'yanci Singafo ba ta yanka lambun ta raba wa manya ba. Da Lee Kuan Yew ya ƙaddamar da shirin mayar da birnin tamkar lambu a 1967, masana da dashen wannan wuri aka dogara da su. Har yau idan babban baƙo ya zo, akan raɗa wa sabon furen okid sunansa, kamar yadda aka yi wa Nelson Mandela.

Nijeriya ma ta taɓa samun irin wannan dama. An kafa tashar tsirrai a Ebute Metta da ke Legas a 1887, shekara uku kafin lambun Aburi na Ghana. Na Aburi yana nan ana ziyartarsa, na Legas kuwa sai a littattafan tarihi. Tsarin birnin Abuja na 1979 ya ware filaye domin itatuwa da shaƙatawa, amma mazauna birnin suna gani da idonsu yadda wasunsu ke rikiɗewa su zama mashaya, gidajen biki da rukunin gidaje.

Kowane irin wannan sauyi da fayil yake farawa. Akwai jami'in da ya rubuta shawara, akwai hadimin da ya kai takarda gaban mai gida ya sa hannu. Shi ya sa ziyarar lambun ta shafi aikinsu kai tsaye, domin gani ya kori ji. Wanda ya tsaya a inuwar itacen da ya haura shekara 150 a tsakiyar birni mai tsadar fili, zai yi wuya ya dawo ofis ya rubuta cewa filin itatuwa wuri ne da ba a amfani da shi.